Kanal Tsakaninmu da Maƙabarta

Shekarun baya masu nisa, lokacin da ake aikin dam ɗin Bakolori, ina saurayi ina koyarwa a wata firamare a Bakura. Ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, kuma Turanci aka ba ni in koyar wa 'yan aji shida. Ina da ƙamus mai jan bango, ina da sabon keke, ga biro a aljihun gaba ko da ranar da babu makaranta. A ƙauyenmu, wanda ke tsakanin Bakura da Birnin Tudu, ba a yi ɗan bokon da ya kai inda na kai ba, don haka duk abin da ya shafi Turanci ni ake nema. Ni kuwa a raina na yarda cewa ko Baturen Ingila aka kawo, sai dai mu yi kunnen doki.

Waɗanda suka kai shekaruna sun san yadda aikin nan ya juya ƙasarmu. Katafiloli suka shigo gonaki suka baje kunya da iyaka, aka ce za a daidaita ƙasa a mayar wa kowa tasa da ruwan noman rani. An yi damina wasu ba su yi shuka ba. An yi ɓacin rai mai yawa, an yi abubuwan da har yau dattawa ba su son a tayar da zancensu. Wannan labari ne mai nauyi, kuma ba shi zan ba ku yau ba. Nawa ƙarami ne, a kan hanyar zuwa maƙabarta.

Maƙabartar garinmu tana gabas, bayan wata 'yar fadama, a inuwar tsamiyoyi. Hanyar ƙafa ce siririya ke kai mutum, tana ratsa gonakin dawa. Da masu aiki suka iso wajenmu, sai suka haƙa babban kanal, wato hanyar da ruwan dam zai bi zuwa gonaki, ya gitta daidai kan wannan hanya. Zurfinsa ya wuce tsayin mutum, an shafe gefensa da siminti mai santsi. Ba a sako ruwa ba tukuna, amma an ja waya a bakinsa, an kafa allo da rubutun Turanci. Gari ya koma yamma da kanal, matattunmu suka koma gabas.

Wanda abin ya fi damu shi ne kawuna, yayan mahaifiyata. Shi ne limamin garin, kuma yana karantar da manya littattafai a zaurensa bayan la'asar. Mahaifinsa, wanda shi ne malaminsa na farko, yana kwance a maƙabartar nan, kuma kawu bai taɓa barin safiyar Juma'a ta wuce bai je ziyara ba. A lokacin yana fama da ciwon ƙafa da wani tari da ya ƙi barinsa. Ya riga ya sa a ransa cewa tafiyarsa ta kusa, har ya nuna wa mutane inda yake so a sa shi.

Wata safiya ya aika aka kira ni, muka tafi bakin kanal tare, yana dogara sanda. Ya nuna allon ya ce, “Karanta mini, in ji mi anka rubuta.”

Na gyara murya na karanta da Turanci yadda nake yi wa ɗalibaina, sannan na fassara. Allon ya ce ba mai tsallakawa sai wanda aka yi masa wani abu, kalmar da suka sa ita ce authorised. Na ce, “Kawu, cewa sunka yi ba a tsallakawa sai wanda anka yarda mashi.”

Ya ce, “To, mu nemi mai yarda.”

Heluman wurin, wato shugaban leburori, wani mutumin kudu ne mai fara'a, wanda ya koyi shan fura har ya fi mu so. Hausarsa ba ta da yawa, saboda haka da Turanci na yi masa bayani. Na ce ga limaminmu, ga maƙabartarmu can, ba mu da wata hanya. Mutumin nan ya dubi kawu, ya dubi tsamiyoyin, tausayi ya kama shi. Ya daki ƙirji ya ce shi ya yi mana allow, mu riƙa wucewa duk lokacin da muke so. Nan take ya sa leburori suka kwance waya a wuri ɗaya, suka jera buhunan yashi a gefen simintin, suka zama kamar matakala, a sauka ta nan a hau ta can.

Na juyo wajen kawu ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Na ce, “Ya yarda.”

Kawu ya yi wa heluma godiya da addu'a mai tsawo. Muna komawa gida sai ya tsaya ya ce, “Kalmar da mutumin ga ya hwaɗi, ita ce ta jikin allon can? Na ji ta allo tana da tsawo, tashi kau gajera ce.”

Kawu bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma kunnen mahaddaci gare shi, ba ya jin abu sau ɗaya ya ɓace masa. Ni kuwa na yi murmushin wanda ya sani. Na ce, “Duk ɗaya ne, Kawu. Haka Turanci yake, abu guda sai su yi mashi suna biyu ko uku. Kamar ka ce doki, ka ce ingarma.”

Ya ce, “To, kai ka san Turanci.”

Haka kuwa nake koya wa yara a aji. In rubuta kalmomin a allo a jere, in ja layi, in rubuta “yarda” a gabansu, su maimaita da ƙarfi.

Muka yi watanni muna bin matakalar buhunan yashi. Kawu yana zuwa ziyararsa, mutum biyu su riƙe shi wajen sauka da hawa. An kai gawa ta nan ba sau ɗaya ba, da ƙyar dai, amma an kai. Daga baya muka ji an ɗauke heluman an mayar da shi wajen Ruwan Gizo. Ba wanda ya sa abin a ransa, ni ma ban sa ba.

Sai Allah ya yi ikonsa. Matar kawu, wadda ita ce take jinyarsa, take dafa masa magani, take yi masa faɗa in ya fita cikin sanyi, ta kwanta da zazzaɓi, ba ta tashi ba. Mu duka Inna Babba muke ce mata. Ita ta yaye ni, kuma ko da na zama malamin makaranta ba ta daina ajiye mini ƙanzon tuwo ba. Kowa ido yake sa wa kawu, sai ga shi ita ta riga shi.

Aka yi mata sutura, kawu da kansa ya sallace ta a ƙofar gida da hantsi. Muka ɗauki makara muka kama hanyar gabas. Da muka isa bakin kanal, sai muka tarar an mayar da waya an ɗaure, an kwashe buhunan yashi. Masu haƙar kabari sun tsallaka tun da asuba ta wani wuri da ƙafa da hannu, ba su ce wa kowa komai ba don ba su zaci makara ba za ta bi ba. Ga wani mai gadi a tsaye ta ciki, dattijo, da alama tsohon soja ne.

Na matsa gaba, don ni ne mai magana da hukuma. Na ce an yarda mana mu riƙa bi ta nan. Har da Turanci na maimaita, ko da yake mutumin Bahaushe ne.

Ya ce, “Wa ya yarda muku?”

Na ce heluma.

Ya ce, “Heluman ya tahi. An ce mani ana shirin gwada ruwa, kar in bar ko akuya ta shiga ramin ga. Wallahi Malam, ba ni da iko. In na buɗe, ni za a tambaya wa ya ba ni izini, ba ni kau da amsa.”

Samari suka fara gunaguni. Wani ya ce a kawo gatari a sare wayar. A kwanakin nan zukata a kusa suke, 'yan sanda na yawo a yankin, ƙaramin abu na iya zama babba. Ina tsaye ina zufa, ga makarar Inna Babba a kafaɗun mutane, ga rana tana ɗagawa. Sai kawu ya ɗaga sandarsa kaɗan, gunagunin ya tsaya.

Ya ce, “Ba mu kai ta da hwaɗa. Ita ba ta son hayaniya tana da rai. Ku juya, mu bi ta babbar gada.”

Babbar gada tana can kan hanyar mota ta Bakura. Sai mun bi gefen kanal mun kai can, mun tsallaka, sannan mun dawo ta ɗaya gefen. Tafiyar da aka saba yi kafin shayi ya huce, ranar ba mu isa ba sai da azahar ta gabato. Mutane suna ta karɓar makara daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Aka kawo jaki don kawu ya hau, ya ƙi, ya ce ba zai hau dabba matarsa tana gaba a kan itace ba. Haka ya ja ƙafar nan har muka isa. Abin da ban manta ba shi ne mai gadin. Ya cire hularsa ta aiki, ya bi mu ta cikin waya yana salati a hankali, har inda iyakar gadinsa ta ƙare, ya tsaya a nan yana kallonmu.

Bayan an share makoki, ƙafar kawu ta kumbura har ba ya iya zuwa masallaci. Ina zaune a tsakar gida, mahaifiyata tana tankaɗe, ta ce ba tare da ta dube ni ba, “Ashe cikin Turancin naku akwai wanda ba shi tsallake kanal.” Ba da zafi ta faɗa ba, amma ranar ban iya cin abinci ba.

Kawu kuwa bai taɓa ce mini komai a kan abin ba. Da na je gaishe shi, yana kishingiɗe a zaure, muka gaisa, na yi masa ya haƙuri, ya ce haƙuri sai ma'aiki. Sannan ya ce, “Littahin nan naka mai jan bango, shina nan? Ɗauko shi. Ina son mu duba kalmar allon ga tare, kamar yadda muke duba ta Larabci.”

Na ɗauko ƙamus. Gaskiya ban taɓa buɗe shi a kan wannan kalma ba, don na ɗauka na san ta. Na karanta a hankali ina fassara masa. Kalmar heluma, allow, ita ce ka bar mutum ya yi abu, ka ƙyale shi, kar ka hana shi. Kowa na iya yin ta: uwa ga ɗanta, mai shago ga mai ciniki, mai gona ga makiyayi. Ita kuwa ta allo, authorise, ƙamus ya ce ba da izini ne a hukumance, kuma daga kalmar da ke nufin iko ko hukuma aka ciro ta. Wanda aka ɗora wa ikon abu ne kaɗai ke iya yin ta, kuma in ya yi, ba da sunansa ya yi ba, da sunan kujerar da yake kai ya yi.

Kawu ya sa na maimaita. Ya gyara zama ya ce, “Ashe ijaza ce.”

Na ce ban gane ba.

Ya ce, “Ɗalibi na iya zama zauren ga shi buɗe littahi shi karanta ma ƙannenai, in gani in ƙyale shi. Wannan ƙyalewa ce. In na mutu gobe, wani na iya tashi shi ce wa ya ce ka karantar? Ba shi da amsa. Amma in na zaunar da shi na ce na ba ka izinin karantar da littahin ga, kamar yadda mahaihina ya ba ni, shi ma malaminai ya ba shi, to wannan ijaza ce. Ko na mutu tana nan, don ba tawa ce ni kaɗai ba. Heluman ga mutumin kirki ne, Allah shi saka mashi. Abin da ke hannunai ya ba mu. Mu ne ba mu tambayi ta allo ba.”

Ya ce “mu”, bai ce “kai” ba. Na daɗe ina tuna wannan.

Daga nan ya ce in je in nemo masa mai otorayiz ɗin nan, haka yake faɗinta. Ya ce ba don kansa ba, shi ko ta babbar gada aka bi da shi ba zai sani ba. Don masu ɗaukarsa ne, da waɗanda za a ɗauka bayansa.

Ina da aboki da muka yi firamare tare, yana akawu a ofishin aikin da ke Talata Mafara. Ranar Asabar na hau keke na same shi. Da na ba shi labari ya yi ta'aziyya, sannan ya ce in daina wahalar da kaina da helumomi. Ya ce ko Baturen kamfani da nake gani da gajeren wando yana ba da umarni, ba shi da ikon ƙara ko bulo ɗaya a kan abin da aka zana masa. Shi gini aka ba shi. Wanda ke sa hannu a kan zane shi ne babban injiniya na ɓangaren gwamnati.

Ya ce, “A ofishin ga, kalmar nan ita ce abincinmu. Mota ba ta hita, siminti ba shi barin sito, sai an tambaya wa ya yi authorise. Kuma ba a cewa an yi kawai, sai an ce wane ya yi ma wane, shi yi kaza. In babu sunan mai yi, babu abin.”

Ya ba ni shawara kar in nemi injiniyan a ofis, don layin masu ƙorafin gona ya kai bakin titi. Ya ce in same shi a bakin dam, can wajen Maradun, ranar da yake zagayen duba aiki. Ya kuma yi mini hanya wajen wani direban tifa da ke zuwa can.

Na koma gida na zauna na tsara jawabi da Turanci, na cusa duk manyan kalmomin da na sani, na haddace shi tsaf. Ina kan keke ina maimaitawa, ina alwala ina maimaitawa. Da kawu ya ji ranar tafiya, sai ya ce da shi za a je. Mahaifiyata ta yi ta roƙonsa ya zauna gida saboda ƙafar, ya ce wanda ke neman ijaza ba ya aike.

Aka sa kawu a gaban tifa kusa da direba, ni na hau baya. Ban taɓa ganin dam ɗin ba sai ranar, shi ma haka. Da muka sauka muka hau kan bangon dam ɗin, sai ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, kawunan itatuwa sun leƙo daga cikinsa nan da can. Kawu ya daɗe yana kallo. Ya san garuruwan da ke wurin a da, ya taɓa zuwa karatu a ɗaya daga cikinsu yana yaro. Ya tambayi direban, “Mutanen da anka tayar, kusheyinsu fa?” Direban ya nuna ruwan da haɓa. Kawu ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa. Bayan nan ya ce da ni a hankali, “Namu kau ana ganinsu. Mu roƙa da ladabi.”

Can sai ga injiniyan ya taho da mutane a bayansa, da hular kwano a kansa da takardu a naɗe a hammata. Bai kai shekarun da na zata ba. Na tare shi na ƙame, na fara zuba jawabina. Ya tsaya yana saurare da haƙuri. Ban kai rabi ba idonsa ya faɗa kan kawu, da rawani da sanda da kumburarriyar ƙafa. Sai ya cire hular kwano, ya wuce ni, ya durƙusa.

“Allah gafarta Malam, an zo lahiya? Ya hanya? Ya jikin?”

Ashe ɗan wajen Gusau ne, jikan malamai. Suka shiga gaisuwa, daga gida zuwa iyali zuwa ɗalibai zuwa damina, ni ina tsaye da sauran jawabina a baki ba inda zan kai shi. Har yau ina iya kawo farkonsa.

Aka kawo wa kawu kujera a inuwar wata rumfa. Ya ba da labari da Hausa, gajere, bai ƙara gishiri ba, bai zargi kowa ba. Da ya zo kan tafiyar da aka yi da makarar matarsa, injiniyan ya sunkuyar da kai. Sannan kawu ya dube shi ya ce, “Tambaya guda na zo da ita, ɗana. An taɓa ƙyale mu, mun gode. Yanzu otorayiz muke biɗa. Kai kana iyawa, ko akwai na gaba da kai?”

Injiniyan ya yi 'yar dariya, ya dube ni, na kawar da kai. Ya warware takardunsa a kan gwiwa ya nemo yankinmu. Ya ce zai gaya wa Malam gaskiya. Ƙara sabuwar gada ba ya hannunsa, wannan sai an koma sama, kuma in an koma sama ba ya iya cewa ga ranar dawowa. Amma a zanen akwai wata 'yar gadar ƙafa da aka sa a yankinmu, ba a gina ta ba tukuna. Matsar da ita daga wuri zuwa wuri a cikin yanki ɗaya, wannan ikonsa ne.

Ya nuna mini inda aka sa ta. Na duba na ce, “Ranka shi daɗe, nan ba kowa ke bi ba, ƙaya ce da gidan tururuwa.”

Ya ce ba mamaki. Daga jirgin sama aka ɗauki hoton ƙasar, kuma da damina aka ɗauka, dawa ta rufe ƙananan hanyoyi. Wanda ya yi zanen bai taɓa taka wurin ba. Ya ce, “Abin da ke hannuna zan yi, Malam. Wanda ba shi hannuna ba ni yi maka alkawarinai. Amma sai na zo na gani da idona.”

Mun jira har na fara cewa ya manta. Sai wata ranar Laraba ina aji aka ce ana nemana a gida. Na tarar da motarsa a ƙofar masallaci, injiniyan da Baturen kamfani da safiyo mai awon ƙasa. Muka taka hanyar tare har bakin waya. Ya ce daidai kan tsohuwar hanya ba zai yiwu ba, ƙasar wurin tana da laushi, sai an ɗan gangara kudu kusa da inda za a sa ƙofar ruwa. Wasu dattawa ba su so haka ba, suna son hanyar kakanninsu. Kawu ya ce a karɓa.

Sai maganar faɗi ta taso. Gadar da ke zane ta mutum ɗaya ce, in biyu sun haɗu sai ɗaya ya karkace. Kawu ya ce makara ba ta tafiya da mutum ɗaya. Injiniyan ya ce a ɗauko makarar. Aka je masallaci aka ɗauko ta ba kowa a ciki, mutum huɗu suka saɓa, safiyo ya auna daga kafaɗar wannan zuwa ta wancan, ya ƙara kaɗan. Baturen yana kallo, ya tambaye ni mene ne wannan, na gaya masa, ya cire hularsa. A nan dai Turancina ya yi amfani.

A kan bonet ɗin mota injiniyan ya gyara zanen da jan biro, ya rubuta kalmar nan ta jikin allo, ya sa hannu a ƙarƙashinta, ya miƙa wa Baturen. Ya kira ni ya ce in karanta wa Malam. Na karanta. Kawu ya ce, “Ita ce, mai tsawon.”

Ginin bai zo da wuri ba. Kafin a gama an sako ruwa, kuma mun sake bin babbar gada da gawar wani jariri da ta wani tsoho. Amma an gina ta, da siminti da ƙarfen dafawa a gefe. Daga baya aka canza injiniyan, aka canza masu gadi ban san sau nawa ba, kamfanin ma ya tattara ya tafi. Ba wanda ya taɓa tsayar da mu a kanta.

Kawu da ya gama shirin tafiya, Allah ya ƙara masa shekaru masu yawa. Tarin ya tafi, ƙafar ta lafa. Ya raka mutane da dama ta kan gadar nan, cikinsu har da waɗanda suke riƙe shi wajen sauka a kan buhunan yashi. Yakan ce da ni cikin raha, ya nemi hanya don kansa, ga shi ya zama ɗan rakiya. Ranar da tasa ta zo ina cikin masu ɗauka, ni ne a gaba ta dama. Muka hau gadar mu huɗu, kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya karkace. Aka sa shi tsakanin mahaifinsa da Inna Babba.

Na ci gaba da koyarwa har na yi ritaya, kuma ban sake jera kalmomin nan a layi ɗaya ba. Amma abin da ya zauna mini ya wuce aji. Na gane cewa mutumin kirki na iya ba ka abin da ba nasa ba da zuciya ɗaya, kuma ba laifinsa ba ne in ya tafi abin ya bi shi. Tun daga lokacin, in wani ya ce mini “ba komai, ku ci gaba,” nakan yi godiya, sannan in tambaya da ladabi ko shi ne mai ikon faɗin haka. Wasu suna jin haushi, wasu suna cewa tsufa ne. Ni ma da na zama hedimasta na koyi cewa “wannan ba ya hannuna,” ko da mai roƙon zai fita yana ganin na yi masa rowa. Ban taɓa jin haushin mai gadin nan ba. Ranar ya fi ni sanin iyakar abin da aka ba shi.

Ina zuwa garin lokaci zuwa lokaci. Gadar tana nan, ƙarfen gefe ɗaya ya karye, an ɗaura itace. Masu babur na bi, mata na bi da tallan albasa, yara na zama a bakinta suna jefa ƙugiya a ruwa. A wurinsu gada ce kawai, kamar tare da garin aka halicce ta. Nakan tsallaka in gaida mahaifiyata da kawu da Inna Babba, in ɗan zauna a inuwar tsamiya. Ni ma can nake fatan a kwantar da ni, kuma hankalina a kwance yake game da hanyar da za a bi da ni.